Keke, Babur, Sannan Doki

Mu mutanen Maraɗi ba ma lissafa Kano cikin garuruwan baƙunta. Atamfar da matanmu ke ɗaurawa daga Kantin Kwari take fitowa, haka butar alwala da silifas da bokitin roba da maganin sauro. Sai dai sanin da muka yi wa garin sanin ɗan sari ne. Mu bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, mu yi canji a Wapa, mu cika mota a Kwari ko Singa, mu juya gida. Da wuya ka ji ɗayanmu ya tambayi inda aka ƙera butar. A wannan zuwan ban ɗauko jakar sari ba. Na sauka a gidan kawuna da ke Tudun Wada, na roƙe shi a kai ni inda ake yin kayan, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Kawu ya baro ƙauyenmu na wajen Madarunfa ne a farin 1973, shekarar da dabbobi suka ƙare, rumbuna suka zama wayam. Ya shigo Kano da allonsa da buzunsa, ya ɗan taɓa ga-ruwa, daga baya ya sami aiki a wani kamfanin matsar gyaɗa a Bompai. Irinsa suna da yawa a lokacin. Wani Ba'amurke mai suna Paul Lubeck ya zauna da leburorin Kano a farkon shekarun 1970, littafinsa a kansu ya fito a 1986, kuma abin da ya tarar shi ne da yawansu almajirai ne da gardawa da suka baro karkara, kusan kowa burinsa ya haɗa ɗan jari ya bar kamfani ya kama sana'ar kansa. Da na gaya wa Kawu haka sai ya yi dariya, ya ce ai ba sai Bature ya rubuta ba, da shi aka tambaya da ya faɗa kyauta.

Bompai ita ce babba a cikin ukun a shekaru. Tun ƙarshen zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a wurin, kusa da layin dogo, lokacin da gyaɗa ke ɗauke da arzikin Arewa. Titunanta masu faɗi ne, da tsofaffin itatuwan darbejiya a gefe, kuma idan ka bi ta titin Maimalari za ka ga manyan rumbunan kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills suna nan tsaye, tireloli na jiran lodi. Za ka kuma ga ƙofofin da tsatsa ta cinye, da harabar da ta koma sito, da wadda ta koma kangon awaki. Kawu yana tafe yana nuna mini da sandarsa: nan masaƙa ce, nan ana yin alewa, nan ana yin kwanon sha. Ya tsaya a wata kwana ya ce, "Nan kuma Raleigh. A nan aka haɗa kekena."

Labarin keken shi ne ya jawo duk abin da na biyo baya da tambayarsa. A farkon 1975 gwamnatin Gowon ta biya ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, har da na watannin baya a dunƙule. Ma'aikatan gwamnati ne suka fara karɓa, na kamfanoni sai da aka yi ta yajin aiki kafin nasu ya fito. Ranar da na Kawu ya shigo hannunsa bai ko biya ta gida ba. Ya sayi sabon Raleigh baƙi, ya sa masa madubi biyu da fitilar dainamo da ƙararrawa, ya bar ledar da aka naɗe jikinsa da ita har sai da ta yage don kanta. Shekararsa ashirin da huɗu, ko kusa da haka.

Na ce, "Kawu, don zuwa aiki ka saya?"

Ya ce, "Kai yaro ne. Daga Tudun Wada zuwa Bompai ai ƙafa ma ta isa. Don a gan ni na saya. Ranar Juma'a in sa farar riga, in matse bakin wando da ƙarfe, in zaga Gwagwarwa da Fagge, in biya zance da yamma."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa ba a yi wata uku ba ya fara ɗaura yadi a bayansa yana kaiwa kasuwannin ƙauye ranar hutu, in kuma yana cikin kamfani sai ya bar wa wani mai hayar keke a unguwa, a raba abin da aka samu. Kafin shekara ta zagayo keken ya mayar da kuɗinsa. Na riƙe wannan magana, domin daga baya na ji irinta a bakin mutane daban-daban har ta zame mini abin da na fi tunawa da Kano. Mutumin garin nan yana son nishaɗi kamar kowa, yana son a gan shi fiye da kowa, amma ba ya yarda ya ajiye abin hawan da ba zai ci da kansa ba.

A zamanin su Kawu akwai tsani da kowa ya san matakansa. Saurayi ya fara da keke. In ya yi aure, ya zama hedima ko ya iya wani inji da ba kowa ke iya taɓawa ba, sai ya hau babur, Honda ko Yamaha, wajen shekara talatin da wani abu. Vespa ta malamai ce da 'yan kasuwa masu babbar riga. Mota kuwa, wato Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sai manaja ko akanta ko wanda ya bar kamfani kasuwa ta karɓe shi. Doki yana can sama da duka. Na sarakuna ne da hakimai da 'ya'yansu, sai attajirin da ya riga ya gina gida, ya sauke farali, ya aurar da 'ya'ya, sannan ya kafa turke a ƙofar gida. Filin folo yana nan dab da Bompai, filin sukuwa ma ba nisa, amma lebura ta katanga yake leƙawa. Wanda ya sayi doki don sha'awa kawai a cikinsu, in ji Kawu, to furfura ta riga ta fito masa.

Tsanin nan ya fara karyewa daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP naira ta faɗi. Kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, daga baya yadin Sin ya cika Kwari. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har da manya irin Gaskiya da Bagauda. Kamfanin haɗa manyan motocin Fiat da ke hanyar Zariya ma bai yi dogon kwana a hannunsa na farko ba. Kawu ya tsaya a matakin babur, bai wuce nan ba.

Duk da haka kada wani ya ce maka masana'antun Kano sun mutu. Ka je Sharaɗa da ƙarfe shida na safe, lokacin da masu aikin dare ke fitowa masu na safe ke shiga. Ɗan Kawu ne ya ɗauke ni a bayan babur ɗinsa, da yake a can yake aiki, yana kula da injin da ke narka roba yana fitar da buta da kofi. Taubashina ne, ba ma raga wa juna. Tun daga gida yake ce mini, "Riƙe ni da kyau, mutumin Faransa, nan ba Maraɗi ba ce da jaki ke da hannunsa a titi." Ban tanka ba, domin abin da na gani ya ishe ni kallo. Sharaɗa kashi uku ce, kowane kashi ya kai unguwa guda. Ƙarar janareta ba ta yankewa. A nan Dala Foods ke ƙulla ganyen shayi da garin kunun tsamiya, a nan Gongoni ke yin maganin sauron Rambo da muke fesawa a ɗakunanmu, ga masu tabarmar roba, ga masu buhu, ga masu takalmi. A bakin kowace ƙofa mai shayi ya hura wuta, mai ƙosai na tsamewa, 'yan gurasa sun jera kwanduna. Mu da muka tashi muna jin labarin kamfanin mai na Siconiger da majemar Sonitan a bakin manya, ganin mutane dubbai na shiga aiki a lokaci guda, kowa ya san injinsa, abu ne mai sa mutum ya yi shiru.

Ababen hawan da ke jere a gindin katangu su ma suna ba da labari. Kekuna sun dawo da yawa tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Akwai tsofaffin baburan Jincheng da suka yi tashe shekaru ashirin da suka wuce, akwai roba-roba, akwai Boxer. Sai kuma 'yan adaidaita sahu, masu launin ruwan ɗorawa, da ke sauke ma'aikata huɗu-huɗu, biyar-biyar. Wajen 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka shigo da su don ɗaukar mata, amma ba su mamaye garin ba sai bayan Janairun 2013, da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Yau mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne tun 2024, da yawa daga masu aikin kamfani ma biyan yini ko na mako ake musu, alhali sabon babur ya haura miliyan ɗaya. Don haka babu mai shiga shago ya fito da shi ranar albashi kamar yadda Kawu ya yi. Adashe ake yi, ko a karɓa ana biya kaɗan-kaɗan, ko a sayi na hannu a kai wa bakanike a Ƙofar Ruwa ya tashe shi.

Challawa tana can kudu, a ƙasar Kumbotso, a bakin kogin da ta ci sunansa, inda aka gina gidan ruwan Kano tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kafin ka ga kamfanonin jima hancinka zai sanar da kai ka iso. Ba zan ɓoye ba, ruwan da ke fitowa daga wasunsu ya kwarara rafi abin takaici ne, kuma manoman da ke ƙasa da su sun daɗe suna kuka. Amma a nan ne na ji wani irin alfahari da ban zata ba. Fatar jar akuyar nan tamu, wadda mu ke kira ta Maraɗi Sakkwatawa ke kira tasu, a nan ake jeme ta a cikin manyan ganguna masu juyawa, a aske ta, a rina, a ɗaure a tura Italiya da Sifen a yi jaka da takalmi. Wani dattijo da ke tantance fatu ya ɗauki guda ya shafa da babban yatsa, bai ko duba da kyau ba ya ce, "Malam, wannan daga wajenku take." A gefe kuma ga kamfanin Coca-Cola, ga Mamuda da ya fara da fata ya faɗaɗa zuwa biskit da lemo.

Ranar Lahadi da la'asar taubashina ya ce in zo ya nuna mini abin da bai so a yi zancensa a gaban Kawu. Muka shiga wani lungu a Ja'en, bayan katangun Sharaɗa, ya tura wata ƙofar langa-langa. Doki ne kili a ɗaure a turke, an wanke shi, an sa masa lalle a ƙafafu, wani yaro na zuba masa dusa da ɗan kanwa. Su uku suka haɗa kuɗi suka saya a kasuwar Maigatari, shi da wani mai walda da wani direban adaidaita. Babbansu shekararsa talatin da ɗaya, shi kuma ashirin da tara. Babu mai mota a cikinsu, babu mai gidan kansa, ɗaya ne kawai ya yi aure.

Na ce, "Bakano, ka rasa abin da za ka yi da kuɗi sai ciyar da dabbar da ba a ci, ba a tatsa?"

Ya ce, "Bari ka gani tukuna."

Suka ɗaura sirdi, suka ja majayi, suka shimfiɗa jalala da suka ce a Kurmi suka saye ta da linzamin da likkafar. Da muka fito fili sai ga wasu, daga nan biyu daga can uku, har suka kai ayari. Akawal, hurde, kili, kowane da adonsa. Kilisa ke nan. Babu sarki, babu hakimi, babu algaita. Samari ne da jiya da daddare suke tsaye gaban inji da toshiyar kunne, yau sun sa kufta da rawani, doki na taƙama da su, yara na bin su da gudu. Wani ya saki linzami ya yi sukuwa har ƙarshen fili, ya ja zamiya ƙura ta tashi, aka yi masa ihu. Na ga mahaya a ƙasarmu, mu ma ba baƙin doki ba ne, amma ban taɓa ganin wanda ya fito daga aikin dare ya hau da irin wannan izza ba.

Da muka zauna shan ruwa sai mai waldar ya ciro wayarsa ya nuna mini wani bidiyo na Amurka, mota ce mai gado da kicin da banɗaki a ciki, iyali sun shiga sun nufi daji hutu. Ya ce shi da zai sami tsohuwar bas da ya ƙera irinta. Na ɗan san labarin motocin nan. Akwai wani gari a jihar Indiyana mai suna Elkhart, shi ma garin masana'antu ne kamar Sharaɗa, inda shi da kewayensa ke ƙera kusan huɗu cikin kowace biyar na irin waɗannan motocin-gida da ake yi a Amurka. Kamfanoni irin su Thor da Forest River da Jayco duk a yankin suke. A 2021 kaɗai an fitar da sama da 600,000 a faɗin Amurka. An daɗe ana ɗaukar motar a matsayin ta 'yan fansho, mutum ya gama aiki, 'ya'ya su watse, sannan shi da matarsa su saya su shiga duniya. Amma lokacin annobar korona, da jirage suka tsaya aka koma aiki ta intanet, ƙungiyar masu ƙera su ta ce shekarun mai sayen farko sun sauko zuwa wajen 33. Ka ga ke nan can ma samari sun daina jiran furfura.

Dalilan dai ba ɗaya ba ne. Ba'amurke banki ke ba shi bashi ya biya cikin shekaru masu yawa, motar kuma ta yi mafi yawan shekara a ajiye a bayan gida, ba ta fita sai 'yan makonni. Shi ya sa da tattalin arziki ya girgiza ita ake fara fasa saya. A 2009 kusan mutum ɗaya cikin biyar na ma'aikatan Elkhart ba shi da aiki, har Shugaba Obama ya je garin a watan Fabrairun shekarar. Saurayin Sharaɗa kuwa lissafinsa daban ne. Ya duba ya ga tsanin da ubansa ya hau babu matakan tsakiya. Mota 'yar Kwatano ta fi ƙarfinsa, fili ya fi ƙarfinsa, in ya ce sai ya mallake su kafin ya ji daɗin duniya to zai mutu yana jira. Dokin gida mai matsakaicin kyau bai kai kuɗin tsohuwar mota ba, ba ya shan fetur, kuma mutum uku na iya raba shi ba tare da rigima ba, wannan ya hau yau wancan ya hau wani makon. Ni a ganina wannan ba wauta ba ce. Mutumin da ke tsayuwa awa goma sha biyu gaban narkakkiyar roba yana da haƙƙin ya sami yammaci guda da zai ji shi ma wani ne.

Akwai abin da za a faɗa a ɗaya ɓangaren, kuma Kawu ya faɗe shi da ƙarfi da labari ya kai masa, don a Tudun Wada magana ba ta kwana. Harawa na tsada da rani, in doki ya yi ciwo kuɗin magani ya fi na mutum. Wasu 'yan kilisar kan shiga titi su tare hanya, wani lokaci 'yan daba su fake da su, shi ya sa 'yan sanda kan hana ta lokaci zuwa lokaci. Hawan Sallah, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, an sha dakatar da shi tun da rikicin sarautar Kano ya taso a 2024, kuma duk Sallar da ba a yi Hawan Daushe da Hawan Nassarawa ba masu dawaki sun yi asarar kasuwa mafi tsoka.

Kasuwa na ce, domin a nan ne maganar ta koma inda keken Kawu ya tsaya. Kilin nan ba zaman banza yake ba. Ana hayarsa a hawan angwanci, ana hayarsa ranar saukar karatu, masu ɗaukar hoton biki na biya a tsaya da shi, har takinsa wani mai lambu ke zuwa ya kwashe ya bar musu ɗan abin sayen dusa. Suna da ɗan littafi da direban adaidaitar ke riƙewa, shafi ɗaya abin da doki ya ci, ɗaya abin da ya kawo. Ya buɗe mini na duba. Watannin rani doki ne ke cin su, bayan kaka da lokacin bukukuwa su ke cin doki.

Daren da zan taso, muna cin tuwo a ƙofar gida, Kawu ya dubi ɗansa ya ce, "Ni da shekarunka ina da mata da 'ya'ya biyu. Kai kana da kashi ɗaya cikin uku na doki."

Taubashina ya sunkuyar da kai yadda ya kamata, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ai shi zai biya sadakin. An riga an kama shi Asabar uku a jere bayan Babbar Sallah, biyu sun ba da kafin alƙalami."

Kawu ya tambayi nawa ake biya a hawa ɗaya. Da aka faɗa masa sai ya ce sun yi araha, a unguwar masu kuɗi ya kamata su ninka, kuma kada su sake su ba da shi ba tare da yaron bargar ya bi shi ba.